Sau Nawa Aka Ɗora Tukunya Jiya?

A watan Afrilun 2014, lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sake lissafin jimillar abin da Najeriya ke samarwa a shekara, ni ƙaramar ma'aikaciya ce a wata cibiyar binciken zamantakewa, ban daɗe da kammala karatun tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ba. Hukumar ta sauya shekarar da ake gina lissafin a kanta daga 1990 zuwa 2010, ta ba sassa irin su sadarwar wayar salula da harkar finafinai nauyin da tsohon lissafi bai ba su ba, sai ga tattalin arzikin ƙasar na shekarar 2013 ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa dala biliyan 510, Najeriya ta sha gaban Afirka ta Kudu. Aikin daidai ne, kuma ya ma makara. Amma a makon da aka fitar da lissafin na je gida na tarar da mahaifiyata tana auna geron kunu da gwangwanin madara kamar yadda ta saba, tana lissafin kwanakin da zai kai ta, kuma babu ƙwaya ɗaya da ta ƙaru a cikin buhun saboda sabon lissafin. Daga ranar na ƙudura cewa ɓangaren da zan bi a wannan ilimi shi ne na auna yadda mutane ke rayuwa a cikin gidajensu.

Ba ni na fara wannan damuwa ba. Simon Kuznets, wanda ya aza harsashin lissafin kuɗin shigar ƙasa a Amurka, tun a 1934 ya yi gargaɗin cewa da wuya a gane jin daɗin al'umma daga wannan adadi. A 1990 Mahbub ul Haq, masani ɗan Pakistan, tare da gudummawar Amartya Sen, ya fito da ma'aunin ci gaban ɗan Adam a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya haɗa tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga, sannan a 2010 masu bincike na Jami'ar Oxford suka kawo ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa, mai duba abinci mai gina jiki, mutuwar yara, zuwa makaranta, ruwan sha, makamashin girki da irin ɗakin da ake kwana. Duk na karanta waɗannan a aji. Abin da aji bai nuna mini ba shi ne inda alƙaluman ke fitowa, wato bakin wata mata ko wani magidanci da baƙo ya zauna a gabansa da takarda yana yi masa tambayoyin da ko ɗan'uwansa na jini ba zai yi masa ba.

Aikin farko da aka ɗora mini shugabancinsa binciken gidaje ne a wasu ƙauyuka na Kano da Jigawa, kuma an tsara za mu je sau biyu, a tsakiyar damina da kuma bayan kaka. Takardar tambayoyin da Turanci ta zo, a kan tsarin da Bankin Duniya ya fara ginawa tun 1980 don auna halin rayuwa, aka ce mu mayar da ita Hausa. Na ɗauka aikin kwana biyu ne, sai da muka shafe mako biyu, kuma kalmar farko ce ta fara tsayar da mu. A ƙa'idar bincike, abin da ake aunawa shi ne rukunin mutanen da ke kwana wuri ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya a ƙarƙashin shugaba ɗaya. Idan ka ce "gida", Bahaushe zai nuna maka katangar da ta kewaye uba da 'ya'yansa uku masu aure da jikoki. Idan ka ce "iyali", zai kawo maka matarsa da 'ya'yansa har da wanda ke almajiranci a wani gari. Daga bisani muka bar neman kalma ɗaya, muka koma ga tambayar da kowa ke ganewa: su wa da wa ke ci daga tukunyar nan?

Bayan fassara sai horar da masu tattara bayanai, maza da mata daidai wa daida, domin namiji baƙo a zaure yake tsayawa, kuma abin da aka dafa a cikin gida mace ce ta san shi. Daga nan muka yi gaisuwa wurin hakimi, ya haɗa mu da dagatai, su kuma suka haɗa mu da masu unguwanni, muka bi gida-gida muna rubuta jerin magidanta, sannan kwamfuta ta fitar da waɗanda za a tambaya.

A nan ne na fara gane cewa ƙidaya tana da tarihi a zukatan mutane. Wani dagaci, dattijo mai natsuwa, ya saurare ni har na gama bayani, sannan ya ce, "Malama, mu dai tun muna yara, in aka zo rubuta sunaye, haraji ke biyo baya. Yanzu kuma in aka rubuta, tallafi ake jira. Naku wanne ne?" Yana da hujja, domin sai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda Jigawa ke cikinta har zuwa 1991, kuma waɗanda suka ga yadda ake karɓarsa suna raye. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, babu ko ɗaya. Ba za mu karɓi komai ba, ba kuma za mu raba komai ba, kuma gidajen da za mu shiga ƙuri'a ce ta fitar da su, ba ni na zaɓa ba, ba kuma mai unguwa ba." Kalmar ƙuri'a ita ta warware matsalar, domin kowa ya san cewa wanda ƙuri'a ta faɗa wa ba a yi masa gata ba, ba a kuma zalunce shi ba. Na dage a kan a faɗi wannan a kowace ƙofa duk da cewa wasu cikin ma'aikatana sun fi son a bar mutane da ɗan fata don su ba da haɗin kai. Dalilina biyu ne: yaudarar talaka zalunci ce, kuma wanda yake tsammanin haraji zai ɓoye akuyarsa, wanda yake tsammanin tallafi zai ɓoye rumbunsa, a duka biyun lissafi ya lalace tun daga tushe.

Shafin farko na takardar jerin mutanen gida ne da shekarunsu, kuma ko shi ba ya tafiya a miƙe. Mata da yawa sukan lissafa 'ya'yansu su tsallake ɗan fari saboda alkunya, ba sa kuma ambaton sunan maigida, sai kishiya ko wata yarinya a gefe ta cike giɓin tana murmushi. Wasu ba sa son a ƙirga yara da baki. Shekarun haihuwa kuwa sai mun koma ga abubuwan da suka faru: kisan Sardauna a Janairun 1966, komawa tuƙin dama a 1972, shigowar naira a 1973 wadda ta zo daidai da babban farin nan, kisan Janar Murtala a 1976, husufin ranar da aka yi a Maris ɗin 2006, watan da aka yi ƙidayar jama'a ta ƙarshe a ƙasar. Sai ka tambayi tsohuwa ko tana goyo lokacin da aka canja kuɗi, daga nan ka yi lissafinka.

Zuciyar aikin ita ce sashen abinci, inda ake bin kayan masarufi ɗaya bayan ɗaya, gero, dawa, masara, shinkafa, wake, manja, man gyaɗa, daddawa, kuka, kuɓewa, gishiri, nama, kifi, ana tambayar nawa aka ci a kwana bakwai da suka wuce, nawa aka saya, nawa aka ɗebo daga rumbu, nawa kuma aka samu kyauta. Ana auna talauci da abin da gida ya ci ya kashe ne maimakon abin da ya samu, saboda manomi ba shi da albashi, kuɗinsa kan zo a dunƙule da kaka, ko a warwatse ta hanyar ƙwadago da kiwo da ci-rani, kuma tambayar mutum nawa yake samu hanya ce ta sa ya rufe bakinsa. Sai dai babu wanda ke dafa abinci da kilo. Amsa takan zo da mudu, da tiya, da gwangwani, da dami, da kashi, kuma mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba. Saboda haka kowace ranar kasuwa nakan ɗauki sikeli in zauna kusa da ma'auna, in sayi hatsi in ɗora, in sake saya a wurin wani in ɗora, har mu sami matsakaicin nauyin kowane ma'auni a wannan gari. Wani mai awon hatsi ya tambaye ni ko zan auna da gyara ko ba da gyara ba, kuma tambayarsa ta fi ta malaman da suka rubuta takardar zurfi, domin gyaran da ake ƙara wa mai saye yana shiga tukunya, amma ba ya cikin farashi.

Kuskuren da ya fi ci mini rai a wannan zagaye nawa ne, ba na kowa ba. Da muka fara duba bayanan makon farko a kwamfuta, sai na ga wasu gidaje uku maƙwabtan juna kowannensu ya ci hatsin da ya fi ƙarfin mutanen da ke cikinsa nesa ba kusa ba. Na koma garin na zauna da dattijon gidan, sai ya bayyana mini abin da ya kamata in sani tun farko: gandu suke yi. Da damina shi da 'ya'yansa suna noma gonar gandu tare, daga rumbunsa ake fitar da hatsi, matan suna karɓar girki bi da bi, kowa na ci. Da rani kuma kowane ɗa ya koma ciyar da nasa daga abin da ya samu a gayaunarsa da sana'arsa. Mu kuwa mun rubuta su a matsayin tukunya uku, kowace mace ta faɗi abin da aka dafa wa gidan gaba ɗaya, muka ninka abinci ɗaya sau uku, muka mayar da masu ƙaramin ƙarfi mawadata a kan takarda. Dole muka tsayar da aiki, muka sake bin duk gidajen da ke da irin wannan tsari, muka ƙara tambaya a kan wanda ke fitar da hatsi a wannan lokaci na shekara. Da ba a kama shi ba, da ya shige cikin adadi na ƙarshe ba tare da kowa ya ji ɗuriyarsa ba.

Abin da ya fi zauna mini a rai kuwa ya faru ne a cikin watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Na bi ɗaya daga cikin ma'aikatana mata zuwa wani gida don in ga yadda take aiki. Matar gidan ta shimfiɗa mana tabarma a inuwar rumbu, ta kawo ruwa a kwanon sha, ta ci gaba da tsinkar ganyen tafasa a faifai muna magana. Da aka zo sashen ƙarancin abinci, ma'aikaciyar ta karanta kamar yadda muka fassara: ko a cikin kwana talatin da suka wuce akwai lokacin da kuka ji yunwa amma ba ku ci ba saboda rashin kuɗi ko abin hannu? Matar ta ɗaga kai ta ce, "A'a, 'yata. Alhamdulillahi, asirinmu a rufe." Aka rubuta "a'a". Amma a sashen da ya gabata ita da bakinta ta gaya mana cewa a kwana bakwai ba a sayi mai ba, ba a ga nama ba, kuma hatsin da aka ci bai kai abin da zai riƙe mutanen gidan na kwana uku ba. Na duba murhu, tokar ta yi sanyi, ga rana ta take. Sai na ce, "Inna, jiya sau nawa aka ɗora tukunya?" Ta ce sau ɗaya, da dare. Da rana fa? Ta nuna faifan da ke cinyarta ta ce an yi wa yara kwaɗo da ɗan ƙuli-ƙuli. Ita fa? Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce babba ai ba ya rasa haƙuri.

Matar nan ba ƙarya ta yi mana ba. Mun tambaye ta ne a hanyar da amsa "e" ke nufin ta tona asirin mijinta a gaban baƙi, ta kuma yi wa Ubangiji butulci da bakinta, alhali an tarbiyyantar da ita a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ban canja amsarta ta farko ba, domin ƙa'idar aikin ita ce a rubuta abin da mutum ya faɗa, kuma ranar da mai bincike ya fara gyara amsoshi da abin da idonsa ya gani, ya daina bincike ya koma ba da ra'ayi. Abin da na yi shi ne na rubuta wa shugabannin aikin a daren, na nemi izinin ƙara tambayoyi a kan abin da aka aikata maimakon abin da aka ji: sau nawa aka yi girki, wa ya ci, wa ya bar wa yara, ko an karɓi bashin hatsi da alƙawarin biya da kaka, ko an sayar da dabba don a sayi abinci. Waɗannan mutum na iya amsa su ba tare da ya kira kansa mayunwaci ba.

Daga baya na fahimci cewa kalmar da ta yi amfani da ita ma'auni ce mai zaman kanta. Rufin asiri a wurin Bahaushe shi ne ka ci, ka suturta iyalinka, ka fita kunyar biki da suna da rashin lafiya ba tare da ka miƙa hannu a bainar jama'a ba, kuma yana dogara ne da abin da ke cikin rumbu da kuma mutanen da za ka iya ƙwanƙwasa wa ƙofa da dare. Polly Hill, masaniyar nan 'yar Ingila da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta kusanci wannan fahimta sa'ad da ta nemi mutanen garin su karkasa manoma gwargwadon yadda kowa zai iya jure mummunar damina, daga wanda zai taimaki wasu har zuwa wanda zai tagayyara. A ganina wannan tambaya ta fi kusa da yadda mutanenmu ke auna kansu fiye da tsanin nan mai hawa daga sifiri zuwa goma da ake amfani da shi a rahoton jin daɗi na duniya tun 2012, inda ake ce wa mutum ya nuna matakin da yake ganin rayuwarsa take a kai. Mun gwada tsanin, kuma sau da yawa amsar farko ita ce sai godiya, sai an sake bayani kafin mutum ya yarda ya ɗora yatsa a kan wani mataki.

Ba na cikin masu cewa saboda haka alƙaluma ba su da amfani, kuma raina yakan ɓaci idan na ji mai ilimi yana faɗar haka. Binciken halin rayuwa na 2018 zuwa 2019, wanda Hukumar Ƙididdiga ta fitar da sakamakonsa a Mayun 2020, ya ja layin talauci a kan naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, wato kimanin naira 376 a rana, ya kuma nuna cewa kashi 40.1 cikin 100 na 'yan ƙasa, mutum miliyan 82.9, suna ƙasa da shi, ban da Jihar Borno da rashin tsaro ya hana a auna ta yadda ya kamata. A Sakkwato da Taraba da Jigawa adadin ya haura kashi 87, a Legas bai kai kashi 5 ba. A Nuwamban 2022 ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa ya ba da kashi 63, mutum miliyan 133, kuma kashi 65 na waɗannan a Arewa suke. Mutane sukan tambaye ni wanne ne gaskiya, 40 ko 63. Duka biyun gaskiya ne, domin abubuwa daban suke aunawa: gida na iya samun kuɗin da ya ɗara layi amma yana shan ruwan tafki, yana girki da kara da itace, asibiti ya yi masa nisa, yaransa ba sa makaranta. Ba don waɗannan adadi ba, da kowane mai mulki zai faɗi abin da ya ga dama game da jama'arsa, babu mai abin da zai ƙalubalance shi da shi.

Na ɗanɗani wannan da kaina lokacin da muka gabatar da rahotonmu ga wasu jami'ai. Wani babba a cikinsu ya ce alƙalumanmu sun zubar da mutuncin yankin, ya nemi a sassauta su kafin a buga. Na ɗauko littafin da na rubuta nauyin mudun kowace kasuwa, na nuna masa yadda aka zaɓi gidajen, da yadda muka gano kuskuren gandu muka gyara, na kuma gaya masa cewa in akwai karkata a lissafinmu, to ta ɓangaren rage talaucin take, tun da mutane sun fi ɓoye rashi a kan su ƙara masa gishiri. Bai ji daɗi ba, amma rahoton ya fita yadda yake.

Zagaye na biyu ya kama bayan an gama girbin gero, an fara yankan dawa. Na nemi a bar mini gidan matar nan in yi da kaina. Rumbun da muka zauna a inuwarsa a watan Agusta yanzu an liƙe bakinsa, akwai damman gero a jingine da danga, hayaƙi na tashi daga murhu tun da hantsi. Ta gane ni, ta tambayi mutanen gida, ta sa aka dama mini fura. Muka bi sashen abinci daga farko zuwa ƙarshe, wannan karon da wake da manja har da ɗan kifi busasshe, kuma tukunya sau biyu aka ɗora jiya, ban da kunun safe. Da muka iso sababbin tambayoyin, na tambaye ta ko sun karɓi bashin hatsi da damina. Ta ce sun karɓa a wurin wani ɗan kasuwa. Na tambayi yadda aka biya, ta nuna damman da ke jikin danga ta ce waɗannan nasa ne, gobe zai aiko a ɗauka, kuma abin da za su mayar ya fi abin da suka karɓa da yawa. Na tambaye ta ko abin da ya rage a rumbu zai kai su wata daminar. Ta ƙirga watanni da yatsunta, ta tsaya a kan bazara, ta ce daga nan kuma maigida zai tafi ci-rani, in Allah ya sa an dace. Na rubuta watan da ta faɗa a gurbinsa, na karanta mata amsar ta tabbatar, sannan muka wuce sashen lafiyar yara.